Karan da Na Sare a Gonar Gabas

Abin da nake fata a ce ban aikata ba a rayuwata ƙarami ne a idon mutane. Kara na sare. Karan hatsin gonata, da hannuna, da addata, a shekarar da shugaban Masar ya tafi Birnin Kudus ya gaisa da mutanen Isra'ila. Duk wanda na fara ba labarin sai ya yi dariya, ya ce me ya haɗa karan ƙasar Mayahi da Masar. Da wani ne ya ba ni labarin, ni ma dariyar zan yi.

A garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Attantane da Cake, in an gama yankan hatsi an kai dammuna rumbu, ba a taɓa kara. A tsaye ake barinsa har ranar da maigari zai sa a yi shelar sakin gonaki, sannan Fillani su shigo da shanu. Kusan kowane gida da Bafillacensa. Shanu su ci kara da karmami, su kwana a gonar, su bar mata taki. Mai gona ya kai dami ruga, ya bar su su sha a rijiyar gari, mata kuma su yi ta musayar nono da hatsi. Ba a aika wa kowa ya zo. Karan da aka bari a tsaye shi ne gayyatar.

Bafillacen gidanmu gadonsa na yi. Ubansa ya sauka a gonar ubana, shi kuma ya sauka a tawa. Sa'ana ne. Yana kirana Kaɗo, ina kiransa Fillo, kuma ban taɓa jin ya kira sunana na yanka ba. Dogo ne siriri, yana da tabo a gira inda maraƙi ya taɓa shure shi. Shi ya koya mini tatsa, ya yi ta dariya yana cewa hannun Kaɗo fartanya kawai ya sani. Ni kuma da aka kai ni lakwal, makarantar boko, a Mayahi, in na zo hutu nakan rubuta masa haruffa a ƙasa, ya duba ya ce sawun zabi ya fi su kyau. Shekara biyar na yi a lakwal na faɗi jarrabawa na dawo gona. Abin da na fito da shi karatu ne da rubutu, da Faransanci na lallaɓawa, da taswirar duniya da ke rataye a bangon ajinmu, wadda na haddace saboda kusa da ita nake zama.

A fari na farko garkensa ya ƙare, saura shanu bakwai. A gonata ta gabas suka rayu. Akwai itatuwan gawo biyar a cikinta, muka ɗaura sanda a kan sanda muna kaɗo 'ya'yansu, ni da shi, tun safe har rana ta yi tsaka. Ba mu da abin da za mu ci sai jar dawar taimako da babbar motar kamiyo ke kawowa jefi-jefi, ita ma raba ta muke yi. A cikin wannan hali ne muka ji soja sun karɓi mulki a Yamai.

Da ruwa ya dawo, na je cin rani Katsina na dawo da rediyo. Shi ne na biyu a garin, kuma na maigari ba ya fita daga zaure. Nawa kullum bayan la'asar yana gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, mutane zagaye da shi. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba: a lokacin ba ka buɗa baki a kan gwamnati. Ko rabon hatsi ne bai yi maka daidai ba, sai ka ce an gode. Ba ka san wanda zai kai magana Mayahi ba, ba ka san ranar da jandarma za su sauko daga mota ba. To duk gardamar da muke haɗiyewa a kan Yamai, sai muka juye ta a kan Larabawa da Isra'ila. A nan kowa yana iya ɗaga murya ba wanda zai kama shi.

Ni ne malamin wurin. In an gama labarun Hausa sai in murɗa zuwa na Faransanci, in kama abin da na kama, in cike sauran da kaina. In karyi kara in zana musu ƙasashen a kan rairayi: ga Masar, ga Bahar Maliya, ga hamadar da aka ƙwace wa Masar a yaƙi, ga Kudus, ga inda aka kori Falasɗinawa daga gonakinsu. Tsofaffi su sunkuyo suna duba. Na ji daɗin wannan sunkuyon fiye da yadda ya kamata. Fillo in ya shigo gari yakan tsaya a baya, ya jingina da sandarsa. Wata rana ya daɗe yana kallon zanen, ya tambaye ni ina rijiyoyi suke a ciki. Na ce taswira ba ta nuna rijiya. Ya ce to ba ta da amfani.

Labarin tafiyar shugaban Masar ya zo mana da Babbar Salla. An sauko Idi, an yi layya, ana gasa nama, muka taru gindin dalbejiya. Rediyo ya ce mutumin ya sauka a ƙasarsu, sun tarbe shi, ya miƙa hannu ga waɗanda ya yaƙa shekara huɗu da suka wuce, har ya yi sallarsa ta Idi a Masallacin Kudus. Sai kowa ya ɗauka gaba ɗaya. Mahaucin garinmu ya ce sammu aka yi masa. Wani ya ce ai dabara ce, leƙen asiri ya je. Ni na miƙe tsaye na ce cin amana ne, ya bar 'yan'uwansa a rana ya tafi shi kaɗai don a mayar masa da tasa ƙasar, su kuma waɗanda aka kora wa zai mayar musu da tasu? Na yi magana mai tsawo, mutane suna gyaɗa kai.

Fillo ya zo Salla da sabuwar malfa. Liman ne ya tsokane shi, ya ce Bafillace bai ce komai ba. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai san Masar ba, iyakarsa Tasawa. Aka matsa masa. Sai ya ba da labarin da ni na riga na sani: yadda aka kashe wansa a wata rijiya can arewa, a faɗan ruwa, lokacin shi yana ƙarami, da yadda bayan rani biyu ubansu ya koro garke ya koma rijiyar nan, ya yi sallama da mai ita, ya ba shi hannu.

"Bai manta ba," in ji shi. "Har ya mutu bai so mutanen nan ba. Amma shanu sun sha ruwa, kuma ba a sake kashe kowa ba. Ni ban san abin da wannan shugaban ya gano ba, Kaɗo. Wataƙila shi ma ya gaji da binne yara."

Na ce to su waɗanda ya bari a baya fa. Ya ce wannan kam bai sani ba, Allah ya fid da su. Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Amma liman ya gyaɗa kai, mahauci kuma ya bushe da dariya ya ce yau mai sanda ya kayar da mai lakwal. Aka yi dariya, har da tsofaffin da ke sunkuyowa a kan zanena. 

Na ce, "Kai da ba ka da ko taƙi ɗaya na gona a duniya, me ka sani game da wanda aka ƙwace wa ƙasa? Ku ai kowa ya ba ku ruwa ubangidanku ne."

Ba wanda ya yi dariya a wannan.  Fillo ya gyara malfarsa, ya yi wa liman barka da Salla, ya yi wa jama'a, ya yi mini ni ma, ya tafi. Na san Fillani sarai, na san Bafillace ba ya nuna ciwo a gaban mutane. Amma ranar na ɗauki shirunsa a kan raini. Na kwana ina tafasa kamar ni aka zaga.

Saura 'yan makonni a saki gonaki. Washegarin yawon Salla na wasa adda. Maiɗakina ta gan ni ta tambaya, na ce kara zan tara wa jakina da awaki. Ta ce tun yaushe jaki ɗaya yake cin gona guda. Na ce mata ta kula da tukunyarta. Tana tsaye da muciya a hannu ta ce, "Malam, in ka sare shi, magana ka yi. Kuma zai ji." Na ce abin da nake so ke nan.

Kwana shida na yi ina sara. Na ɗaure, na ɗora wani a kan rassan gawo, na jibge wani a bayan gida. Gonar gabas ta koma fili tas, kamar an share ta don shuka. Masu wucewa suna tsayawa su kalla.

Ranar da aka yi shela, da la'asar na ji kukan shanu daga arewa. Na laɓe bayan tsibin kara a gefen gona. Ga shi nan tafe a gaba, sanda a wuya, iyalinsa a baya da jakuna da kayan ruga. Ya iso bakin gona ya tsaya. Ya kalli filin, ya ɗaga kai ya kalli abin da ke kan gawo. A cikin garken akwai wata jar saniya mai dogon ƙaho, 'yar ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, a gonar aka haife ta. Ita ba ta san an yi gardama ba, ta karkata ta shiga kamar kullum. Ya sha gabanta yana yi mata magana da Fillanci. Ta ƙi. Ya sake tare ta, ta ƙi. Sai ya buga mata sanda a hanci. Tun muna yara ban taɓa ganin ya bugi saniya ba sai ranar.

Na tabbata ya san ina wurin, don jakina yana ɗaure a fili. Bai dubi wajen ba ko sau ɗaya. Suka wuce yamma, suka sauka a gonar wani mutum a wani ƙauye da ke gaba da mu.

Ba za a ce mun yi gaba ba, don in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa. Lafiya, lafiya lau, ina gajiya, kowa ya kama gabansa. Bai ƙara ce mini Kaɗo ba, ya koma ce mini Malam. Matarsa ta ci gaba da kawo nono gidanmu, ita da maiɗakina ba su fasa komai ba. Liman ya kira ni sau biyu, na ce ni ban da matsala da kowa. Kowace shekara kuma na ci gaba da sare kara, don in na bari za a ce na sauko. Sannu a hankali wasu suka fara yin yadda na yi, da suka ga yana amfani da rani. Ba zan ce ni na kashe al'adar ba, zamani ne ya zo da haka ko'ina. Amma a garinmu ni na fara, kuma ba don jaki na fara ba.

Bayan 'yan shekaru rediyo ya ce an harbe shugaban Masar, kuma sojojin ƙasarsa ne suka harbe shi. A makon na gamu da Fillo a kasuwar Mayahi, wajen masu gishiri da kanwa. Ni na je wurinsa, abin da na daɗe ban yi ba, amma da mugun nufi na je. Na ce ya ji abin da ya sami mutuminsa? Ya ce ya ji, Allah ya jiƙan Musulmi. Yana ta juya ɓallin kanwa a hannu.

"Gawon nan na tsakiya," ya ce, "wanda muka hau ya kusa karyewa da mu. Yana nan?"

Na ce yana nan. Ya ce madalla. Ya tsaya, bai tafi ba. Na san abin da ya miƙo mini da wannan tambaya. Abin da ya rage in ce ya zo ya gani da idonsa in an saki gonaki. Kalma biyar ce ko shida. Na ji su a bakina. Sai na hango mahaucin garinmu yana kallonmu daga rumfar nama, na ce to sai an jima.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni. An yi shuka sau uku ba abin da ya tashi. Kafin kaka ta yi, ƙasa ba ciyawa ko ta tsinke. Fillani suka fara kwararowa daga arewa suna yin kudu, shanu suna faɗuwa a hanya. Ni kuwa ina da karan bara jibge a kan gawo da bayan gida, wanda na saba tarawa saboda taurin kai. A garin kaf ba mai irin nawa.

Rugarsu tana nan yamma da mu, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba. Na ji cewa shanunsa suna mutuwa. Bai aiko ba, kuma na san ba zai aiko ba ko da za su ƙare. Wata Laraba matarsa ta zo gidanmu ba nono a kanta, ta dawo wa maiɗakina da wata ƙwarya da ta ara. Bayan ta tafi maiɗakina ta same ni a zaure ta ce mutanen nan tashi za su yi, wannan ban kwana ce aka zo yi. Ta ce in ɗaura wa jaki amalanke yanzu-yanzu. Na ce zan je. Wallahi na yi niyyar zuwa. Amma na tsaya ina shirya abin da zan faɗa, yadda zan kai karan ba tare da ya zama na ce na yi kuskure a kan Masar ba. Na ce bari a yi Juma'a.

Asabar da safe na cika amalanke har yana rinjaya. Na isa rugar da hantsi. Toka ce kawai a murhu, da turakun maruƙa, da mushen shanu biyu a gefe. Ban matsa na duba ko jar saniyar na ciki ba. Wata tsohuwa a ƙauyen ta ce tun Alhamis da asuba suka tashi, sun nufi wajen Tasawa. Na bi sawu har azahar, amma sawun garke nawa ne a hanyar nan a wannan shekara. Na sauke karan a bakin hanya, shanun wasu mutane suka cinye shi ina tsaye.

Da aka samu damina na neme shi. Na je Tasawa, na tsallaka na je Jibiya, na je kasuwannin ƙasar Daura. Wani ya ce ya gan shi yana kiwon shanun wani alhaji. Wani ya ce ya wuce can kudu mai nisa. Wani ya ce ya rasu a hanya shi da ɗiyarsa. Ba wanda ya rantse mini a kan abin da ya faɗa.

Shekaru suka wuce, aka yi mulkin farar hula, wani sojan ya sake karɓar mulki. A zamaninsa ne wata la'asar rediyona ya ce ƙasarmu ta maido da hulɗa da Isra'ila, wadda aka yanke tun kafin mulkin soja na farko. A gindin dalbejiyar nan muke. Na jira a yi hayaniya. Mahauci ya tsufa, ya ce to Allah ya kyauta, ya tambayi yadda awaki suka yi a kasuwar jiya. Ni ma ban miƙe tsaye ba, ban zana komai a ƙasa ba. Bayan wasu shekaru aka ce an sake yankewa. Su can suna yankewa suna ɗaurawa, da takarda da sa hannu. Na tuna har hamadar nan da na zana a rairayi an mayar wa Masar tun tuni, Falasɗinawa kuwa suna nan inda suke.

Har yau ban canja zuciya a kan mutanen da aka kora daga gonakinsu ba. Ni manomi ne, na san abin da gona take. In aka nuna mini gidajensu a rushe a cikin waya, ba na iya cin tuwo. Kuma har yau ban san ko shugaban nan ya yi daidai ba. Wata rana in ga gaskiyata, wata rana in ga ta Fillo. Abin da na sani, ba wani Bafalasɗine da ya sami ko zangarniya ɗaya daga karan da na sare. Shanu ne suka rasa, da mutumin da muka raba jar dawa da shi.

Yanzu jikokina suna zama a ƙofar gida kowa da waya a hannu, an ce wasu ƙasashen Larabawa sun shirya da Isra'ila, wasu suna shawara, yaƙi kuma bai ƙare ba. Ina jin su suna gardama da abokansu, da zafi irin nawa. Kwanan baya na ji babbansu yana cewa ya goge lambar wani abokinsa na Maraɗi saboda abin da ya rubuta. Na kira shi zaure na ba shi wannan labari. Ya saurara da ladabi. Ban san ko ya mayar da lambar ba. Shi ya sa na nemi takarda na zauna rubutawa da ɗan karatun da ya rage mini.

Gonar gabas ta gaji, rairayi ya yi mata yawa, ba ta ba da rabin abin da take bayarwa a da. Tun bayan fari na biyu ban ƙara sare karanta ba. 'Ya'yana suna faɗa, suna cewa yanzu kara dukiya ne, ba mai barinsa a fili. Na ce su sare na sauran gonakin, wannan a bar mini. In an saki gonaki nakan sa a kai ni bakinta da tabarma. Baƙin shanu su shigo su ci. In tambayi makiyayin daga ina, ɗan wane ne, ko ya taɓa jin labarin wani dogon mutum mai tabo a gira. Yawancinsu yara ne da ba a haifa ba lokacin.

Maiɗakina ta rasu shekara shida ke nan. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan: ka yi gardamarka a kan Kudus da Masar da duk inda zuciyarka ta kai, ka faɗi gaskiyarka da ƙarfi in kana so. Amma in an tashi daga majalisa, kada ka je gida ka wasa adda saboda an yi maka dariya. In kuwa ka riga ka sare, kuma aka ce maka ranar Laraba ka tafi, kada ka jira Juma'a. Sannan in Allah ya haɗa waninku da tsohon Bafillace mai tabo a gira, ko ɗansa, ko jikansa, a can kudu, a gaya masa gawo uku sun faɗi, amma na tsakiyar yana nan. Ya zo ya gani.